Cinyar Rago: Me Ya Hana A Gasa Ta A Gida?

Duk wanda ya ratsa garin Suleja bayan sallar magariba, ko ta wajen Madalla ya shigo ko ta bakin kasuwar IBB, hancinsa zai riga idonsa sanin cewa masu nama sun hura wuta. Ga mai tsire ya jera tsinkensa, ga mai balangu yana juya tsoka bisa ragar waya, ga kuma ma'aikatan da suka taso daga Abuja suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, kowa a yanka masa gwargwadon aljihunsa, a barbaɗa yaji, a ƙunshe masa a takarda.

Amma da za a bi waɗannan magidanta zuwa gidajensu, sai a tarar cewa a mafi yawan gidajen hanya biyu kaɗai nama ya sani. Ko dai a jefa shi cikin miya ya yi ta tafasa har ɗanɗanonsa ya ƙare a romo, ko kuwa a tsoma shi cikin mai a soya shi har ya ƙandare, yaro ya yi ta fama da shi kamar mai tauna igiya. Gashi kuwa an bar wa mahauta, kamar dai an yi wata yarjejeniya cewa aikin maza ne na bakin titi, ba shi da wuri a madafar uwargida. Wannan rabon aiki ya daɗe, ba kuma wanda ya damu da shi sa'ad da nama ke da araha. Yanzu da kilo guda na tsoka ya zama abin da magidanci zai yi lissafi kafin ya saya, ɓata shi a kan wuta asara ce ta gaske.

Suleja gari ne da ya saba da baƙi da baƙin abubuwa. Asalinsa Haɓen Zazzau ne da suka baro Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau a zamanin jihadi, suka sauka a ƙasar Koro da Gwari wajen Zuba. Bayan rasuwar Makau a 1825, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828, aka kira shi Abuja. Da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, sai tsohon garin ya ba da sunansa da wani yanki mai yawa na ƙasarsa, shi kuwa ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Tun daga lokacin, musamman bayan da gwamnati ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba, 1991, Suleja ta zama makwancin dubban mutanen da ke aiki a can. Da safe su tafi, da dare su komo, su kuma komo da abin da suka gani a manyan kantuna da otal-otal. 'Ya'yansu kuma ga talabijin ga waya a hannu, suna kallon masu girki na ƙasashen Turai da Amurka. Ta haka ne kalmar "ham" ta shigo kunnuwan mutanen da iyayensu ba su taɓa jin ta ba, har ta kai akan ji matan aure na tambayar juna ko wane irin nama ne wannan mai launin hoda da ake soyawa cikin minti kaɗan.

MENE NE HAM?

Amsar a taƙaice ita ce cinyar alade ce da aka jiƙa da gishiri. Turawan da, kafin a ƙago firji, sukan yanka aladunsu a farkon hunturu, su turbuɗe cinyoyin cikin gishiri na makonni, sa'an nan su rataye su a iska ko a hayaƙi, su ci har shekara ta zagayo. Har yanzu a Italiya, a lardin Farma, akwai irin da ba a sa masa kome sai gishiri, a bar shi rataye fiye da shekara guda kafin a sayar. Na kamfanoni kuwa, wanda ya fi yawa a kantuna, allura ake yi masa da ruwan gishiri da sukari da wani sinadari mai suna naitarait, wanda shi ne ke ba shi wannan launi na hoda, yana kuma hana wata muguwar ƙwayar cuta tsira a cikinsa. Akasarin irin wannan an riga an dafa shi tun a kamfani. Idan aka yanko faifai guda daga cinyar a gicciye, mai kaurin ɗan yatsa, da ɗan zagayayyen ƙashi a tsakiyarsa, shi ne abin da matan Amurka kan ɗora a kasko minti 3 ko 4 kowane gefe, su shafa masa zuma ko jan sukari. Mutanen Ingila kuma sukan ɗora wa nasu soyayyen ƙwai ko yankan abarba. Saurin da ake gani a talabijin ke nan: ɗumame ne kawai ake yi, aikin an gama shi tuntuni.

Ga Musulmi hukuncin wannan nama ba ya bukatar dogon bayani. An ambaci haramcinsa a wurare huɗu cikin Alƙur'ani mai girma: aya ta 173 a Suratul Baƙara, ta 3 a Ma'ida, ta 145 a An'am, da ta 115 a Nahli. Abin da ake bukata shi ne lura wajen sayayya, domin kamfanoni sun ari sunan sun liƙa wa wasu kayan da ake yi da naman talotalo ko na kaza ko na sa, don haka karanta abin da aka rubuta a jikin leda ko gwangwani ya zama wajibi, tare da duba lambar hukumar NAFDAC. Akwai kuma rikicin da sunan hambaga kan jawo, har wasu su ƙaurace masa. Alhali wannan suna daga birnin Hambug na Jamus ya samo asali, kuma da naman sa aka san shi. Maƙwabta Kirista da ke cin naman alade, waɗanda akwai su da dama a Suleja da kewayenta, galibi ɗanyensa suke saye, irin wanda ake fatauci daga wurare kamar kasuwar aladu ta Kafanchan, kuma shi ɗanye ba ɗumame yake bukata ba, dahuwa sosai yake bukata.

To, amma dabarar da ke cikin ham ba mallakar alade ba ce. A ƙasar Nowe cinyar tunkiya ake yi wa haka, a sa mata gishiri a rataye ta watanni. Turkawa suna da bastirma ta naman sa, wadda Misirawa ma ke ci da ƙwai. Mutanen Maroko da Aljeriya suna da kadid, watau naman layya da ake shanyawa da gishiri da kayan yaji. Malamai da yawa ma sun bayyana cewa kwanaki uku na bayan Babbar Sallah, 11 da 12 da 13 ga Zulhajji, sun sami sunansu na Tashriƙ ne daga shanya nama a rana da Larabawa ke yi a cikinsu. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabukata da suka shigo Madina a wata shekara, daga baya ya yi izini a ci a ajiye. Ƙasar Hausa kuwa ba ta zo a baya ba: ga kilishi, ga banda, ga dambun nama, ga soye da ake adanawa cikin kitsensa. Gishirin ma an san darajarsa tun zamanin da ayarin Buzaye ke sauke kantun Bilma a Kano, kuma nan kusa, a Keana da Awe cikin Jihar Nasarawa, mata sun daɗe suna dafa gishiri daga ruwan ƙasarsu.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa da babbar murya, domin an fara ganin masu sha'awar gwada abin da suka kalla. Ham ɗan sanyi ne. Turawa sun iya turbuɗe cinya sukutum cikin gishiri ne saboda a lokacin da suke yin haka sanyin garinsu bai fi na cikin firji ba, don haka kafin gishirin ya ratsa zuwa ƙashi, abin da kan ɗauki makonni, naman bai ruɓe ba. Kilishi kuwa ɗan rana ne da busasshiyar iska. Shi ya sa ake feɗe shi falle-falle kamar takarda, ya bushe cikin yini, shi ya sa kuma ya fi kyau a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Suleja a damina ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda ya ɗauki cinyar rago guda ya binne ta a gishiri cikin zafi da laimar watan Yuni, bayanta zai yi kyau, cikinta kuwa wajen ƙashi ya lalace, kuma guba mafi haɗari da kan fito daga irin wannan ba lalle ta yi wari ba. Hausawa na cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. A wannan yanki ruwan yakan zo tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba.

Abin da ya dace a ara daga Turawa, ashe, abu biyu ne masu sauƙi: yanka cinya faifai-faifai maimakon gutsi-gutsi, da sa gishiri da wuri maimakon a bakin wuta. Sauran aikin duk na gida ne.

DAGA KWATA ZUWA KASKO

Aikin yana farawa ne tun wurin saye. A watan Yulin 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gonar dabbobi da ke Gajiri, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Suleja, bayan da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta gwada jinin dabbobin. Cuta ce da kan kashe dabba farat ɗaya, jini ya riƙa fita ta hanci da sauran kafofi, kuma takan kama mutum ta hanyar fiɗa ko cin naman. Gishiri ba ya kashe ƙwayarta, hayaƙi ma haka. An shawo kan wancan lamari, amma darasinsa yana nan: naman da aka yanka a kwata, inda ma'aikacin lafiyar dabbobi ke dubawa, ya fi naman araha da ba a san inda ya fito ba, kuma dabbar da aka yi wa yankan gaggawa don ta kusa mutuwa ba abin kai wa iyali ba ce kome sauƙin kuɗinta.

Idan an je wurin mahauci, sai a ce masa cinya ake so, a kuma hana shi abin da hannunsa ya saba, watau daddatsawa. A ce ya yanka ta a gicciye, kowane faifai kaurin babban yatsa, kimanin santimita 2. Cinyar rago da ƙashinta ake yankawa, domin ɓargon da ke tsakiya yana ƙara daɗi. Ta sa kuwa tsokar kaɗai ta isa. Dalilin gicciyewa shi ne tsoka zare-zare ce kamar rake. In an bi tsawon zaren, haƙori ne zai yi aikin tsinka shi, in kuwa an gicciye, wuƙa ta riga ta yi. A gefen kowane faifai akwai farin tantani da kitse. Sai a tsaga shi da bakin wuƙa wuri uku ko huɗu, in ba haka ba da ya ji wuta zai tsuke, naman ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, tsakiyarsa kaɗai ke taɓa kasko.

Naman da aka yanka yanzu-yanzu ba shi ne ya fi taushi ba, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka haka. Sa'o'i kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare, sai ta kwana sa'an nan ta fara saki. Al'adar da ake yi a gidaje da dama ranar Sallah, ta a fara da kayan ciki a bar gangar jikin ragon rataye sai washegari, tana da wannan hikima a cikinta, muddin wurin na shan iska, an kuma kare shi daga ƙuda. A daren da ake zafi da gumi kuwa gara a rarraba shi a sa a firji, ko a kanga shi kusa da wuta.

Sai gishiri. Ƙaramin cokali biyu, shafaffe ba tuli ba, ya ishi kilo guda. A barbaɗa ko'ina, a haɗa da dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, a rufe. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, naman ya yi gumi. In aka ƙyale shi, ruwan zai narkar da gishirin ya koma ciki da shi, ya sassauta tsokar yadda za ta riƙe ruwanta a kan wuta. Wannan shi ne sirrin laushin ham, ba wani abu ba. In akwai firji mai aiki, a bar shi ya kwana. In babu, kada a wuce awa guda a inuwa, domin wannan ɗan gishiri na ɗanɗano ne, ba ya tsare nama daga lalacewa. Mafi munin lokaci shi ne minti goma kafin a ɗora, sa'ad da ruwan ya fito bai koma ba.

Wasu matan kan sa kanwa don nama ya yi laushi. Tana yi, amma takan dusashe ɗanɗano ta ba shi santsi. Ganyen gwanda da aka murza aka naɗe naman da shi, ko ruwan ɗanyar abarba, sun fi ta, sai dai su ma in sun wuce awa guda sukan mai da bayan naman kamar dusa.

Batun kasko kuwa, mutumin Suleja ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da yumɓu ke iyawa. A garin nan ne Baturen nan Michael Cardew ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, bayan ya ga tukwanen wata mata 'yar Kwali a gidan Sarki Sulaimanu Barau. Matar ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Cardew kansa tukunyar miyar Gwari ya kwaikwaya ya fitar da wata tukunya mai marfi da ta yi suna a Ingila. Abin da Bature ya gani a tukunyar shi ne abin da ake nema a nan: kauri. Abu mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Kaskon alminiyam marar kauri, irin wanda ya cika kasuwa, da an ɗora masa nama mai sanyi sai ya huce, naman ya zubo da ruwa ya koma dahuwa a cikinsa. Don haka kaskon ƙarfe mai nauyi shi ne na farko, tukunyar ƙasa kuma tana da nata aikin a gaba.

A goge naman da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai. Wannan ba tsirfa ba ce. Jan nan mai ƙamshi da ke bayan balangu, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana yadda yake samuwa a 1912, ba ya fitowa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 kome wutar da aka ba shi. Muddin akwai laima a bayan nama, tururi ake yi, ba gashi ba. Sai a bar kasko ya yi zafi, a zuba man gyaɗa cokali guda, a shimfiɗa faifai biyu ko uku da tazara a tsakaninsu, a kuma cire hannu. Yawan juyawa da dannawa da cokali su ne ke matse romon. Bayan minti 4 ko 5, in ya yi ja, da kansa zai saki kaskon. A juya, a ba ɗaya gefen kamar haka, a rage wuta. A kan garwashi ma haka ne, sai dai a jira harshen wuta ya mutu gawayi ya yi farin toka, a tara shi gefe guda, domin a sami wurin zafi da wurin da za a janye naman ya ƙarasa a hankali. Mai balangu haka yake yi, ko da bai taɓa faɗa ba.

A nan ne littattafan girkin Turawa kan yaudari mai karatu. Shanunsu da tumakinsu ana yanka su da ƙuruciya, bayan an tsare su wuri guda an ɗura musu abinci. Bunajin da ya tako daga daji, ko balamin da ya shekara uku ana kiwonsa don layya, jijiyarsa ta yi ƙwari, minti goma ba za su yi mata kome ba. Ɗan rago matashi ko ɗan maraƙi shi ne na kasko kaɗai. In dabbar ta manyanta, bayan an yi mata wannan jan a kasko sai a mai da ita tukunyar ƙasa, a yanka albasa mai yawa, a zuba ruwa kofi guda wanda bai rufe naman ba, a rufe, a bar shi bisa wuta 'yar kaɗan awa guda da rabi ko fiye. Jijiyar da ta gagari haƙori ita ce za ta narke ta zama romo mai danƙo. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse. Cinyar tsohon rago ba ta kai dutse ba.

Akwai kuma al'adar Turawa ta cin nama da sauran ja a tsakiyarsa, wadda wasu 'yan boko suka ɗauka alamar wayewa ce. A inda ba kowace dabba likita ke dubawa ba, kuma tsutsar ciki da ake ɗauka daga naman sa ba baƙuwa ba ce, wannan ganganci ne. Ma'aikatar gona ta Amurka kanta digiri 63 ta ƙayyade wa tsakiyar yankan nama, tare da hutun minti 3, niƙaƙƙe kuwa digiri 71. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka wuƙa kusa da ƙashi: in ruwan da ya fito garau ne, ya yi, in da ja, da saura, in babu ruwan sam, an wuce gona da iri.

Zaƙin da Amurkawa ke shafawa yana da ma'ana, domin yana karya kaifin gishiri, kuma ba sai an nemi kayan kanti ba. Zuma cokali guda, ruwan tsamiya mai kauri cokali biyu, da ɗan barkono, a kwaɓa. Amma a minti biyun ƙarshe ake shafawa, gama zuma da sukari suna ƙonewa tun nama bai nuna ba, su bar ɗaci. Garin ƙuli-ƙuli ma haka yake. Wanda ke son ɗanɗanon tsire ya barbaɗa yajinsa bayan an sauke. In an sauke, a rufe shi da faranti minti 5 kafin a sa wuƙa, don romon ya zauna cikin tsokar maimakon ya malale a tire.

LAYYA A TSAKIYAR DAMINA

Duk wannan na cin yau ne. Babbar matsalar tana zuwa ne ranar da nama ya fi ƙarfin gida. A 2023 an yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, dukkansu cikin ruwa a wannan yanki. Gidaje da yawa sun daina banda sun dogara ga firiza. Jihar Neja kuwa, ko da yake a cikinta madatsar Kainji take tun 1968, da ta Shiroro tun 1990, ga kuma sabuwa ta Zungeru, mazauna garuruwanta sun san wutar lantarki ba ta da alkawari, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba kowa ke iya kwana da janareta a kunne ba.

Lissafin da masana suka bayar shi ne firji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya wadda kayanta suka riga suka daskare awa 48, mai rabi kuwa awa 24. Sharaɗin shi ne sun riga sun daskare. Wanda ya cusa rabin sa mai ɗumi cikin firiza da yamma, aka ɗauke wuta da tsakar dare, bai ajiye nama a sanyi ba, ya kulle shi ne a akwati. Yankan faifai yana taimakawa a nan ma, domin falle mai kaurin yatsa da aka shimfiɗa a leda ɗai-ɗai yana daskarewa cikin sa'o'i kaɗan, dunƙulen cinya kuwa sai ya yini ya kwana, kuma ranar da za a ci, abin da ake bukata kaɗai za a ciro.

Wanda bai amince da wutar ba sai ya koma ga abin da kakanni suka sani. A yanka naman ya fi na kasko siranta, a ninka gishirin, a jera shi bisa waya can sama da garwashi inda hannu zai iya jimre zafin, a riƙa sa itace marar ƙaro wanda ba a yi wa fenti ba, a juya lokaci-lokaci har ya bushe ya yi ƙwari. Kowace safiya a sake kanga shi, domin laimar damina na komawa cikinsa ta kawo furfura. Roba da leda da tsumman taya ba abin hura wutar nama ba ne, ko da ana gaggawa. Soye kuma, in ana so ya daɗe, sai an soya shi har kumfar ruwa ta ƙare a cikin man, a zuba shi a busasshen mazubi, kitsen ya rufe shi ruf, a kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali. Ranar da za a ci banda, a jiƙa ta a ruwan ɗumi a zubar da ruwan farko, kamar yadda mutanen kudancin Amurka ke yi wa nasu naman mai gishiri.

Zubar da wannan ruwa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, kuma hawan jini ya riga ya zama ruwan dare a birane. A watan Oktoban 2015 kuma sashen hukumar mai binciken ciwon daji ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadari cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanji, ya ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Maganar a kan mai ci kullum ne, irin Baturen da ba ya karya kumallo sai da shi, ba mai ɗanɗana bandar layya na 'yan makonni ba. Amma dattijon da likita ya riga ya hana gishiri, gara a ware masa nasa faifan tun kafin a barbaɗa.

In an kwashe nama daga kasko, abin da ya kama a gindinsa ba dauɗa ba ne, kada a kai shi wurin wanke-wanke. A zuba yankakkiyar albasa da attarugu a ciki, a ɗan tsiyaya ruwa, a kankare da muciya har ya yi kauri, a kwarara bisa naman. Da dafaffiyar doya yake tafiya, wadda ba ta yanke wa kasuwannin Diko da Lambata, ko da masa, ko gurasa. Ƙasusuwan kuma a tara su wuri guda, gobe su shiga miyar kuka.